Prince Hall, majemin Boston da ya mai da zauren Masuniyya makarantar baƙar fata

A watan Fabrairun 1788 wani jirgin ruwa da ke gaɓar Boston, a jihar Masachusets ta Amurka, ya nemi 'yan ƙwadago. Baƙaƙen fata uku, dukansu 'yantattu, suka shiga don su sami na cefane. Suna can ƙasan jirgin suna aiki aka rufe su, jirgi ya kama hanyar tsibiran Karibiyan, inda mutum baƙi yake da farashi kamar buhun sukari. Shekara biyar ke nan a lokacin da kotunan jihar suka kashe bauta, amma 'yancin nan bai hana a ɗauke mutum da rana tsaka ba.

Wanda ya fara ɗaukar alƙalami cikin baƙaƙen garin wani dattijo ne mai sana'ar fata, sunansa Prince Hall. Ran 27 ga watan ya kai takardar koke majalisar dokokin jiha, shi da mutum kimanin ashirin na ƙungiyarsa ta Masuniyya. Kiristoci 'yan ɗariƙar Kwaka da limaman cocin garin su ma suka shigar da nasu. Ran 26 ga Maris majalisa ta yi dokar hana mutanen jihar fataucin bayi, Gwamna John Hancock kuma ya aika wasiƙu zuwa tsibiran. Kafin damina ta wuce mutanen uku sun dawo gida daga tsibirin San Batelemi, wanda yake hannun Suwidin a lokacin. Wani malamin tarihi na garin, Jeremy Belknap, ya rubuta cewa ɗaya daga cikinsu ɗan Masuniyya ne, ɗan kasuwar da aka tallata masa su shi ma haka, shi ya sa ya tsaya ya saurare su har magana ta kai gaban gwamnan tsibirin. Kada mai karatu ya yi saurin yaba wa majalisar. A wannan rana ta 26 ga Maris ɗin ta kuma yi dokar cewa duk baƙin mutumin da ba ɗan Amurka ba, ba kuma talakan Sarkin Maroko ba, kada ya wuce wata biyu a jihar.

Na san kalmar da ta tsaya wa mai karatu a maƙogwaro. A kunnenmu, Masuniyya, ko Firimason kamar yadda ake faɗa a titi, tana nufin ƙungiyar asiri, kuma wannan ƙyamar tana da tushe. A 1978 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa aƙidarta ta saɓa wa Musulunci. Tun 1738 Fafaroma Kilemen na 12 ya hana Katolika shigarta. Sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ba kowa 'yancin addini, shi ne kuma ya ce wannan 'yanci bai haɗa da shiga ƙungiyar asiri ba. Ban zo warware ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba na gayyatar kowa. Abin da ya dame ni daban ne: me ya kai tsohon bawa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana nema wa 'ya'yan talakawa makaranta, ga buga ƙofar ƙungiyar manyan Turawa, kuma me ya yi da ita bayan ya shiga?

Asalinta daga ƙungiyoyin magina ne masu sassaƙa dutse a Ingila da Sikotilan. Kamar yadda maƙera ko majema a wurinmu suke da sarkinsu, da yaran da ke koyo, da sirrin sana'a da ba a faɗa wa bare, haka su ma. Da tafiya ta yi nisa sai attajirai da masu ilimi waɗanda ba su taɓa riƙe guduma ba suka cika wurin, kayan aiki suka koma alamomi: ma'aunin kusurwa, da kamfas, da walkin fatar ɗan rago da ake ɗaurawa a ƙugu. A 1717 rassa huɗu na Landan suka haɗu suka kafa uwar ƙungiya, a 1723 aka buga dokokinta. Kowane reshe ana ce masa loj, ni zan kira shi zaure. Akwai matakai uku, daga ɗan koyo zuwa gwani. Ana sharɗanta wa mai shiga ya yarda da Mahalicci, ana hana gardamar addini da siyasa a cikin zaure, ana rantsar da shi kan ɓoye kalmomin ganewa. Ana kaɗa ƙuri'a a asirce kan duk mai neman shiga, kuma baƙar ƙuri'a kaɗan ta isa ta mayar da shi gida. Sai wani sharaɗi da ya fi shafar labarinmu: a wancan zamanin dole mutum ya kasance ɗa ne haifaffe, wanda bai taɓa zama bawa ba. Da wannan, da kuma baƙar ƙuri'ar, zaurukan Turawan Amurka suka riƙa tare ƙofa shekara ɗaruruwa suna wa'azin 'yan'uwantaka daga ciki.

An haifi Prince Hall wajajen 1735. Yawancin masana sun tafi a kan cewa shi ne Prince ɗin da wani majemi mai suna William Hall ya 'yanta a 1770, bayan shekara 21 a gidansa. Ya buɗe shagonsa na fata a Boston, akwai ma takardar ciniki ta 1777 da ke nuna ya yi wa rundunar igwa ta garin fatun ganga. Ranar da mabiyansa ke tunawa ita ce 6 ga Maris 1775, lokacin da wani zaure na sojojin Birtaniya, mai izini daga Ayilan, ya shigar da shi da wasu baƙaƙe 14. Sojojin da ake shirin kora daga ƙasar a yaƙin 'yancin Amurka su ne suka buɗe ƙofar da masu kirarin 'yanci suka rufe. Da sojojin suka tafi sai suka bar musu izini gajere: su yi jerin gwano ranar bikinsu, su binne mamatansu da al'adar ƙungiya, amma ba su da ikon shigar da sabon mutum. Hall ya nemi cikakken izini a gida bai samu ba, sai ya rubuta Landan. Ran 29 ga Satumba 1784 uwar ƙungiya ta Ingila ta sa hannu a takardar Zauren Afirka mai lamba 459. Sai a 1787 takardar ta iso Boston, a hannun wani kyaftin na jirgin ruwa, James Scott.

Shekara goma sha biyu ana bin takarda ɗaya. Wanda bai duba halin garin ba zai ce kwaɗayin zama da manya ne. Ƙidayar 1790 ta sami baƙaƙe 766 a Boston, cikin mutum kimanin 18,000. Ba su da cocin kansu tukuna, a cocin Turawa ana tura su can sama ko baya. Ba su da makaranta, ba su da jarida, ba wata hukuma da ke ɗaukarsu a matsayin jama'a mai baki. A wannan zamanin kuwa manyan ƙasar da dama, irin su George Washington da Benjamin Franklin da shi kansa Gwamna Hancock, 'yan Masuniyya ne. Takardar Landan ta ba tsofaffin bayi abin da ba su da shi ta wata hanya: suna a rubuce cikin rajistar da manyan nan suke girmamawa, da dalilin haɗuwa a kai a kai ba tare da an ce suna ƙulla tawaye ba, da damar fita titi cikin sahu da tufafi masu kyau. A ganina Hall ya duba abin da ke hannun masu ƙarfi ne, ya zaɓi wanda zai iya ɗauka. Cewa ya yi imani da koyarwarta da gaske, jawabansa sun nuna haka, kuma abu biyun ba sa karo da juna.

Idan ana maganar hidimar irin waɗannan mutane, an fi ambaton kyauta: itacen hura wuta da zauren ke raba wa talakawa lokacin hunturun Boston mai dusar ƙanƙara, da abinci, da ɗan abin da ake ba ɗan ƙungiya idan ciwo ya kwantar da shi, da kula da matar mamaci da marayunsa. Duk an yi, kuma ba ƙaramin abu ba ne a garin da talaka baƙi kan mutu a rasa mai ɗaukar makara. Tsarin ya yi kama da adashi ta wata fuska, kowa yana zuba ƙa'ida, sai dai ba bi da bi ake kwasa ba, wanda masifa ta faɗa wa shi ke ɗauka. Amma ni abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da zaman kansa yake koyarwa. Zaure ba ya tafiya sai da shugaba da ake zaɓa, da ma'aji mai bayar da lissafi, da magatakarda mai rubuta abin da aka tattauna. Dole a haddace dogayen karatu a maimaita su a gaban jama'a. Dole mutum ya nemi izini kafin ya yi magana, ya jira wani ya gama. Mutumin da aka raine shi a kan ya sunkuyar da kai ya ce to, a nan yake koyon yadda ake kawo shawara, a kaɗa mata ƙuri'a, ta faɗi, ya dawo wata mai zuwa da ita a gyare. Majemi da mai aski da matuƙin jirgi da mai dafa abinci suka zama mutanen da suka san hanyar ofis.

Kuma sun sha faɗuwa, fiye da yadda masu yabo suke son tunawa. A Janairun 1777 Hall da mutum bakwai suka roƙi majalisa ta kashe bauta, suna kafa hujja da kalaman da Turawan ke jifan Sarkin Ingila da su. Majalisa ta ajiye takardar. Sai a 1783 shari'ar wani bawa mai suna Quock Walker ta kawo ƙarshen abin ta hanyar kotu. A 1786, da manoman yammacin jihar da bashi ya yi wa katutu suka yi bore a ƙarƙashin Daniel Shays, Hall ya rubuta wa Gwamna James Bowdoin cewa zai kawo baƙaƙe 700 su taimaki gwamnati. Wannan wasiƙa ba ta yi mini daɗi, domin talaka ne yake tayin kai wa talaka sanda don ya nuna biyayya, kuma gwamnan ma bai karɓa ba. Watanni kaɗan bayan haka, a Janairun 1787, Hall da mutum 72 suka nemi majalisa ta taimaka musu da kuɗi su koma Afirka. Mai tayin kare gwamnati a Nuwamba, mai neman barin ƙasar a Janairu: wannan ya isa ya nuna irin matsin da suke ciki. Ita ma wannan takardar ta mutu a kwamiti.

Maganar makaranta ita ce ya fi daɗewa a kai. A Oktoban 1787 ya rubuta wa majalisa hujja mai sauƙi: muna biyan haraji kamar kowa, da harajin ake tafiyar da makarantun kyauta na Boston, 'ya'yanmu kuwa ba sa amfana, ba don wani laifi ba sai launin fata. Aka yi shiru. A jawabinsa na 1792 a Calstawun ya juya ga mutanensa, ya ce su rage shagali da kashe kuɗi a abin da ba dole ba, su tara abin don karatun yara masu tasowa, kada su zauna jiran ranar da hukuma za ta ga dama. A 1796 ya koma wurin dattawan gari, suka amince da baki, suka ce amma babu gini. Da abin ya ƙi, a 1798 iyaye suka buɗe makaranta da kansu a cikin gidan Primus Hall, wani tsohon sojan yaƙin 'yancin Amurka. Bayan an gina Gidan Taron Afirka a unguwar Bikon Hil a 1806, wanda shi ne ginin cocin baƙar fata mafi tsufa da ke tsaye a Amurka yau, makarantar ta koma ɗakin ƙasansa. Sai a 1835 ta sami ginin kanta, da gadon da wani attajiri Bature, Abiel Smith, ya bari.

A nan labarin ya yi wata murɗa da ke sa mutum tunani. Iyayen farko sun nemi makarantar ware ne domin tsangwamar da ake yi wa 'ya'yansu ta hana su zama a ta kowa. Jikokinsu suka tashi suka tarar makarantar waren ta zama kurkuku: kayan aiki kaɗan, gini ya lalace, kuma doka ta tilasta kowane yaro baƙi ya je can ko da ya wuce makarantu biyar a hanya. A 1849 aka saurari ƙarar da wani mai buga littattafai, Benjamin Roberts, ya kai birnin Boston saboda 'yarsa Sarah. Kotu ta ba birni gaskiya. A 1855 majalisar jiha ta hana wariya a makarantu, amma hukuncin kotun bai mutu ba, Kotun Ƙolin Amurka ta kafa hujja da shi a 1896 lokacin da ta halatta wariyar launi a ƙasa baki ɗaya. Sai a 1954 aka rushe wannan a makarantu, kuma lauyan da ya jagoranci shari'ar, Thurgood Marshall, ɗan zauren Prince Hall ne. Zaurukan sun yi ta zuba kuɗi a asusun lauyoyin da suka yi waɗannan shari'u a shekarun 1950. Daga takardar koken 1787 zuwa wannan hukunci shekara 167 ne.

Jawabinsa na 1797, a garin da yau ake kira Alinton, shi ne ya fi nuna irin tarbiyyar da yake yi wa na ƙasa da shi. Bai ɓoye komai ba. Ya faɗi yadda ake zaginsu kullum a titunan Boston, da yadda ranakun biki 'yan iska ke taruwa da kulake su far wa baƙaƙe, har tsofaffin mata a yage musu tufafi. Sannan ya ce a yi haƙuri, kuma kada a ji tsoron mutum. Ya tuna musu 'yan'uwansu na tsibiran Faransa, waɗanda shekara shida da suka wuce ake azabtar da su da bulala, ga shi al'amari ya juya. Haiti yake nufi, inda bayi suka tashi a 1791. A gaban Turawan da ke da dukiya a fataucin sukari, ambaton Haiti da sigar bushara ba maganar matsoraci ba ce, ko da an naɗe ta cikin wa'azin haƙuri. Yakan kuma kawo musu mutanen Afirka daga tarihin addininsu na Kirista, kamar Sarauniyar Saba da malaman cocin Arewacin Afirka irin su Agustin, domin yaron da aka ce masa kakanninsa ba su da tarihi ya ji wani abu daban daga bakin babba.

Abin ya yaɗu tun yana raye. A 1797 ya ba da izinin buɗe zaure a Filadelfiya, inda Absalom Jones ya zama shugaba, Richard Allen kuma ma'aji, mutanen da suka kafa cocin baƙar fata na farko a birnin. Bayan rasuwarsa, David Walker, mai sayar da gwanjo wanda ƙasidarsa ta 1829 ta tayar da hankalin masu bayi har aka sa kuɗi a kansa, daga wannan zauren na Boston ya fito. Lewis Hayden, wanda ya gudo daga bauta a Kentaki ya mai da gidansa maɓoyar gudaddun bayi, ya shugabanci ƙungiyar a jihar. A Misisipi, ofishin Medgar Evers, ɗan fafutukar haƙƙin baƙar fata, yana cikin ginin Masuniyyar baƙar fata ne a birnin Jakson, a nan kuma aka yi taron jana'izarsa bayan an harbe shi a 1963. A Kudu, inda Bature zai iya korar ɗan haya saboda ya ba masu fafutuka ɗaki, ginin da baƙaƙe suka mallaka da kuɗin ƙa'idarsu ya zama wurin da ba mai iya kashe fitila.

To amma wuƙar da ta yanka nama ita ke yanka hannu. Duk abin da ya ba zauren ƙarfi, wato rantsuwa da sirri da fifita ɗan'uwa a kan bare, yana zama guba ranar da 'yan zauren suka riƙe mulki. Laberiya ce misalin da ya fi kusa da mu. Baƙaƙen Amurka da suka koma can sun kafa uwar ƙungiyarsu a 1867 bisa wannan silsila ta Prince Hall. Zuriyarsu kimanin kashi 5 cikin 100 ne na mutanen ƙasar, amma suka riƙe mulki fiye da ƙarni guda, kuma manyan jam'iyya mai mulki su ne manyan zaure. Shugaba Tubman da Shugaba Tolbert duk sun shugabanci ƙungiyar, har mutane suka yi imani cewa a ginin nan na Monrobiya ake yanke al'amuran ƙasa kafin a kai su majalisa. Da Samuel Doe ya yi juyin mulki ran 12 ga Afrilu 1980 aka kashe Tolbert, aka haramta ƙungiyar. A Italiya ma, a 1981, an bankaɗo zauren P2 na Licio Gelli da sunayen ministoci da janar-janar da shugabannin leƙen asiri, har gwamnati ta faɗi. Ko a Boston ɗin, kuɗin shiga da na wata-wata sun sa zauren ya fi zama na masu ɗan abin hannu, mata kuwa ba su da kujera a ciki, alhali su ne suka fi ɗaukar nauyin dafa abincin sadaka da jinyar marasa lafiya. Wanda ke zargin ƙungiya mai rufaffiyar ƙofa yana da hujja, ko da na ciki mutanen kirki ne. Bambancin Boston da Monrobiya shi ne na farkon ba su da abin rabawa sai itace da karatu, na biyun kuwa suna da muƙami da kwangila.

Tunawa da mutum irin wannan ma tana da nata tarkon. A 1903 wani marubuci ɗan ƙungiyar, William Grimshaw, ya fitar da tarihin Hall mai daɗin ji: wai a Babados aka haife shi a 1748, ubansa Bature uwarsa 'yantacciya, wai kuma limamin coci ne. Aka yi ta kwafar wannan shekara da shekaru har cikin littattafan makaranta, kafin masu bincike su duba su tarar babu takardar da ta goyi bayansa. Ba wuya a gane abin da ya sa labarin ya karɓu. Turawan Masuniyya suna ta cewa zauren baƙaƙe haramtacce ne tunda tsofaffin bayi suka kafa shi, sai aka yi wa wanda ya kafa shi asalin ɗa haifaffe don a toshe musu baki. Wato don a kare shi aka goge abin da ya fi komai girma a rayuwarsa, cewa daga gidan ubangiji ya fito ya koyi rubuta takardar da gwamna zai amsa.

Ya rasu ran 4 ga Disamba 1807, yana da shekara kimanin 72, aka binne shi a maƙabartar Kops Hil, inda baƙaƙen Boston na farko da yawa suke kwance. A 1813, da manyan ƙungiyoyin Masuniyya biyu na Ingila suka haɗe, aka cire Zauren Afirka daga rajista. A 1827 magadansa suka shelanta cewa sun tsaya da ƙafarsu, ba sa ƙarƙashin kowa, daga baya suka sa wa ƙungiyar sunansa. Zaurukan Turawan jihar Konetikat suka amince da takwarorinsu baƙaƙe a 1989. Uwar ƙungiya ta Ingila, wadda ta ba da takardar 1784, ta sake amincewa da su a Disamban 1994, shekara 210 bayan sa hannun farko. Ita takardar tana nan a hannun magadansa a Boston, da tabon gobarar da aka fizgo ta daga ciki a 1869.